Miriam Mai Saƙa Hular Jarirai

Duk jaririn da aka haifa a layinmu na unguwar Yelwa, na Musulmi ne ko na Kirista, da wuya ka ga bai sa hular Miriam ba. Ita take saƙa su da kwarashi da zaren ulu, hula da safa da 'yar rigar sanyi, tana zaune a ƙofar ɗakinta kan wata kujera 'yar tsugunno da ta tokare ƙafarta ɗaya da dutse. Amma a shekarun farko da na zauna da ita, ban taɓa ganin ta ɗauki jariri ba. Sauran matan layi ma sun lura, sai dai su sun gama magana da wuri, suka ce mace ce mai ƙyamar 'ya'yan mutane.

Gidan haya ne ya haɗa mu. Da maigidana Malam Ukasha ya rasu, Allah Ya jiƙansa, na fita takaba, sai na ga ba zan iya riƙe babban gida ba, 'yata Fiddausi kuma tana aure a Yola. Na kama ɗaki ɗaya, ya zamana ƙofata tana kallon ta Miriam, bishiyar mangwaro da igiyar shanya ne kawai tsakaninmu. Ita ma mijinta Barnabas, wani birkila, ya riga nawa tafiya. In na idar da sallar asuba ina lazimi, nakan ji ta tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tashin wani, alhali ba kowa a ɗakin sai ita.

A garin nan da sunan ɗa ake kiran mace. Ni Maman Fiddausi ce tun ranar da na sauke kaya. Da na ji tana da 'ya mai suna Godiya, washegari na gaishe ta da, “Maman Godiya, an tashi lafiya?”

Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, “Ki kira ni Miriam kawai. Ban yi aikin wancan sunan ba.”

Ta ci gaba da shara. Ni ma ban tambaya ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda take gama aikinta. In ta kammala kayan jariri ɗaya, sai ta wanke su da sabulu, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa, ta shanya. In sun bushe ba ta saukewa. Sai ta leƙo ta ce, “Maman Fiddausi, ki taimake ni da kayan nan.” Ni zan sauke, in ninke, in sa a leda, in ƙulle bakin. Sannan ta riƙo ledar da yatsu biyu ta kai wa mai ita. Da farko na ɗauka kafaɗa ke damunta, sai na ga ta fi ni ƙarfin daka, ta fi ni jan guga. Wata shekara na je Yola ganin Fiddausi, na daɗe, na dawo na tarar da huluna a kan igiya rana ta cinye launinsu, masu kaya sun yi fushi sun saya a kasuwa. Na ce mata, “Haba Miriam, hannunki bai kai igiyar ba ne?” Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba, ta ce ba komai.

Ranar suna kuwa ita ke fara zuwa. Ta hura wuta, ta wanke tukwane, ta yi ta kai da komo da ruwa. Amma da zarar an fito da jariri ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu, sai ka ga hannayenta sun koma baya, ta haɗe su a ƙugu kamar ɗalibar da ta yi laifi. Matan zumuntar cocinsu sun taɓa zuwa gidanmu da anko ɗinsu suna roƙonta ta zama mai kula da masu jego, tunda duk ita ke yi musu saƙa. Ta ƙi. Suka ce to ta riƙe wani muƙamin. Ta ce akwai waɗanda suka fi ta. Ɗaya daga cikinsu ta gaya mini a coci ma bencin ƙarshe take zama, kusa da ƙofa, ranar da za a miƙa jarirai ga Ubangiji kuma sai ta fita tun ba a tashi ba.

Sirrin ya fito ne ta dalilin Precious, wata yarinya mai ɗakin kusa da rijiya, mai baki kamar rediyo. Ran nan da hantsi tana riƙe da ɗanta sabon haihuwa, sai tukunyar wakenta ta tafaso tana kashe wuta. Miriam ce kusa da ita. Precious ta miƙa mata yaron a guje tana cewa, “Anti, riƙe mini.” Miriam ta yi tsalle da baya har ta ture bokitin ruwa. Allah Ya sa ina wajen, na tare yaron.

Precious ta riƙe ƙugu. “Anti Miriam, ɗana kashi ne ko garwashi? Ki saƙa masa hula, amma taɓa shi ya zama ƙazanta? To ki riƙe hularki, akwai ta kanti.”

Miriam ta sunkuya. Ta ɗauki bokitin ta sake ɗebo ruwa ta ajiye mata, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Da la'asar na ɗauki gyaɗata na je ƙofarta na zauna ina ɓara. Can ta fito ta zauna, ta ja faifan gabanta ta sa hannu. Mun ɓare kusan rabi kafin ta fara magana, idonta a kan gyaɗar.

A wani ƙauye bayan Sunkani aka haife ta, a gindin dutse, gidan manoman doya. Ita ce babba. Tun ba ta gama famfara ba aka ɗaura mata goyon ƙaninta Tobiya, saboda uwarsu tana wuni a gona. Ta ce yaro ne mai nauyi mai son dariya, yakan kama kunnenta yana tsotsa. Wata shekara ƙyanda ta shigo ƙauyen. Tobiya ya kwana biyu jikinsa da zafi, amma lokacin tuƙa kunyar doya ne, ba mai zama gida. Ta goyo shi daga gona da yamma, ta ji ya yi shiru, ta yi murna ya samu barci, har tana taka ƙasa a hankali don kada ya farka. Da ta iso gida kakarsu ta kwance zanen goyon, sai ta tarar rai ya yi halinsa.

“Ba ta buge ni ba,” in ji Miriam. “Da ta buge ni da ya wuce. Hannuna ta kama, ta juya shi haka, ta juya haka, tana dubawa. Sai ta ce da yarenmu, wannan hannun ba ya riƙe rai.”

Ba a daɗe ba jaririyar ƙanwar babanta ita ma ta tafi, aka kuma tuna an ga Miriam tana yi mata wasa. Shi ke nan magana ta zauna. In ta shiga gida mai jariri sai uwar ta juya baya. Aka ba ta kiwon awaki. Sa'o'inta suna yawo da ƙannensu a baya, ita sai ta ɗaura totuwar masara da tsumma ta bi awaki. Wata mata ta gan ta ta ce, “Wayyo, ko totuwar ma a tausaya mata.” Mutane suka yi dariya. Ta ce har yau in ta ga totuwa sai ta ji dariyar.

Na ce, “Miriam, ai ƙyanda ce. Rai na Allah ne, Shi ke bayarwa, Shi ke karɓa. Yarinya ƙarama me ta sani?”

“Na sani,” ta ce. “A shekarar nan yara sun tafi har a gidajen da ban taɓa shiga ba. Na ƙirga su da na girma. Fasto ya gaya mini, ya yi mini addu'a. Barnabas ya gaya mini har ya gaji. Kaina ya ji, Maman Fiddausi. Hannun ne ba ya ji.”

Ta ɗaga su ta duba. Hannaye ne irin na kowace mace mai aiki, da kanta a yatsa inda zare ke bi.

Barnabas ne ya kawo ta Jalingo. Da ta haifi Godiya, yayarsa Caroline ta zo daga Mutum Biyu don wankan jego. In za a ba da nono, Miriam sai ta naɗe hannayenta cikin zane ta kwanta, Caroline ta riƙe jaririyar ta kara mata. Caroline ta ɗauka sabon shiga ne, ta yi ta yi mata tsiya. Da wata ya bi wata ba ta canza ba, ta daina dariya. Ta zauna da su har aka yaye yarinyar da wuri, ranar da za ta koma kuwa Miriam ta durƙusa ta roƙe ta ta tafi da ita. Caroline ba ta taɓa haihuwa ba, ta karɓa da hannu biyu. Barnabas ya daina cin abincin Miriam na wani lokaci, daga baya ya haƙura. Ba su sake haihuwa ba, ta ce a lokacin har godiya ta yi wa Allah, yanzu kuma tana neman gafara a kan wannan godiyar.

Saboda Godiya ta koyi saƙa a wajen matan zumunta. Tana kintatar girman yarinyar ta saƙa, ta ba direbobin tasha su kai. Rigunan sanyi, a garin da zafi ke hana barci. In an kawo yarinyar hutu, Miriam ta dafa mata duk abin da take so, ta tsaya daga nesa tana kallonta tana ci. Godiya ta tashi tana kiran Caroline Mama, uwar da ta haife ta kuma Anti.

Na ce, “Ba ki taɓa gaya mata dalili ba?”

“In gaya mata ta ji tsorona? Gara ta ce ba na sonta.”

Haka muka ci gaba da zama. Ina sauke huluna, tana yi mini cefane in ƙafata ta tashi. In azumi ya zo takan dama mini kunun gyaɗa kafin magariba, in Kirsimeti ta zo ni ke soya mata cincin, mu zauna mu biyu mu ci, don ba mai zuwa.

Sai Caroline ta rasu. Godiya a lokacin ta yi aure, mijinta Paul malamin makaranta ne, suna zaune a nan cikin gari wajen Sabon Gari. Duk da haka sai a yi watanni ba ta leƙo ba. Wata ranar Asabar da azahar na ji tsayuwar Keke Napep, sai ga ta ta shigo da tsohon ciki tana haki. Doguwa ce kamar uwarta, har yadda suke riƙe wuya iri ɗaya ne. Ta durƙusa ta gaishe ni, “Mama, ina wuni.” Sannan ta juya, “Anti, ina wuni.” Na ga yadda kalmar ta sauka a fuskar Miriam, ta kuwa amsa da fara'a.

A gindin mangwaro suka zauna, ina jin su. Godiya ba ta yi kwana-kwana ba.

“Anti, wata mai zuwa ne. Mama Caroline ba ta nan. Uwar Paul ido ya tafi, ba za ta iya ba. Za ki zo ki yi mana wanka ko in nemi wata?”

Miriam ta ce, “Zan zo. Zan dafa ruwa, zan yi wanki, zan yi miki farfesu. Jaririn kuma sai mu samu wadda...”

“Ba 'yar aiki nake nema ba. Ina da maƙwabta.”

“Godiya, ban iya ba.”

“Kowace uwa a garin nan ta iya, ke ce kawai ba ki iya ba? Abokan aikina suna tambaya wa zai zo mini, in ce musu me? In ce uwata tana Yelwa tana saƙa wa 'ya'yan wasu hula?” Ta miƙe da ƙyar, tana dafa bishiyar. “Ban taɓa roƙonki komai ba. Wannan ne na farko. In ba ki zo kin wanke mini ɗana da hannunki ba, kada ki sake aiko mini da ko safa ɗaya. Ni ma in huta, ke ma ki huta.”

Bayan ta tafi Miriam ta daɗe zaune. Sannan ta zo ta tsuguna a ƙofata ta ce in bi ta mu je tare, ni in riƙa wankan, ita ta tsaya kusa. Na ce mata, “Ba hannuna yarinyar nan ta nema ba. Amma zan koya miki.”

Da me za a koya? Ba jaririn da za ta yarda ta taɓa. Washegari sai ga ta da wata ƙatuwar doya daga kasuwa, ta zaɓo mai santsi, ta ce nauyinta zai yi daidai. Muka zuba ruwan ɗumi a baho. Na nuna mata yadda ake gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, yadda ake tallafe wuya, yadda ake kifa yaro a cinya a wanke baya, yadda ake gasa cibiya da tsumma mai ɗumi. Kullum da hantsi sai mu wanke doyar nan, ta tsane ta da tawul, ta shafa mata man kaɗe. Precious ta fito ta gan mu, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

“Yau na ga abu! Anti Miriam ta haihu! Mace ce ko namiji? Yaushe suna, mu zo da manja?”

Miriam ma ta yi dariya, ta ce, “Ki rufe baki, kina tashe shi.” Ranar ce kaɗai na ji ta mayar da wasa. Doyar ta gaji da wanka har ta fara tsiro, muka dafa ta.

Godiya ta sauka lafiya, namiji, suka sa masa Albarka. Ranar da aka sallamo su daga asibiti na raka Miriam da ƙullin kayanta. Ta fara da mai jegon. Ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta shiga da ita bayi. Ina daga waje ina jin Godiya tana ihun zafi, Miriam tana cewa, “Yi haƙuri, saura kaɗan.” Daga baya ta gaya mini ranar ta fara sanin 'yarta tana da tabo a bayan kafaɗa, ba ta san me ya ji mata ciwon ba, ta kuma ji kunyar tambaya.

Sai aka zo kan yaron. Godiya ta zauna bakin gado ta miƙo shi, tana kallon uwarta ido cikin ido. Hannayen Miriam suka fara tafiya baya. Na yi gyaran murya. Ta dawo da su, bakinta yana motsi da addu'a. Ta karɓe shi. Na yi bisimilla a zuciyata. Ta wanke shi tsaf, ba ta manta ko bayan kunne ba, zufa tana ɗiga daga haɓarta. Da ta gama ta sa masa hular da ta saƙa, wadda ni na sauke daga igiya na ƙulle a leda. Paul ya tsaya a ƙofa yana ta ɗaukar hoto da waya. Na koma gida ina yi wa Allah godiya, na ce abin ya ƙare.

Ta yi makonni a can. Takan kira ni a waya ta ce yaron yana ƙiba, ya fara bin ta da ido. Muryarta ta canza, har ta fara yi mini tsegumin maƙwabtansu.

Ran nan kuwa rana tsaka, zafin nan na kafin damina da ko kaji ba sa fita, sai ga Miriam ta shigo a ƙafa, ba jaka, ba ɗankwali, takalmi ɗaya ya tsinke. Tun daga Sabon Gari ta tako. Ta zauna kan kujerarta ta cusa hannayenta tsakanin gwiwoyi.

“Jikinsa ya yi zafi,” ta ce. “Na gaya miki.”

Na ba ta ruwa ta ƙi sha. Wayarta tana ta ƙara a ƙugunta, ba ta ɗauka ba. Na sa mayafi na tari Keke zuwa gidan Godiya. Na tarar da yaron yana ƙananan kuka, cinyarsa ta ɗan kumbura. Ashe rigakafi aka kai shi da safe, nas ɗin ma ta gaya musu zai yi zazzaɓi, ta ba su magani. A gaban Miriam aka faɗa. Ta ji da kunnenta. Amma da ta taɓa goshinsa ta ji zafi, sai ta ajiye shi a gado ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Godiya ba ta yi kuka ba. Tana jijjiga yaron ta ce mini, “Kin gani ko, Mama? Sau biyu ke nan. Ta ajiye ni, ta ajiye ɗana. Ki ce mata zan aiko da jakarta.”

Maganar ba tawa ba ce, amana aka ba ni. Amma na ga in na yi shiru ƙofar za ta rufu. Na ce, “'Yata, kafin ki aiko da jakar, ki je ki tambaye ta wane ne Tobiya.”

Washegari zazzaɓin ya sauka. Na gaya wa Miriam, ta durƙusa a tsakar gida ta ɗaga hannu sama, sannan ta ce, “Kin ga da na bar wajen ya warke.”  Na shiga ɗaki na yi alwala.

Sai da aka kwana da yawa Godiya ta zo, da jakar a hannu, da yaron a baya. Ta ba ni shi, suka shiga ɗaki suka saki labule. Na zauna gindin mangwaro ina yi masa tawai. Na daɗe ina jin muryar Miriam ita kaɗai, ƙasa-ƙasa. Sai muryar Godiya ta tashi har Precious ta leƙo.

“Saboda maganar tsohuwa? Tsohuwar da ta mutu tun ba a haife ni ba? Saboda ita kika ba da ni?”

 Sai kuka, ban san na wace ce ba, don muryoyinsu ma iri ɗaya ne.

Da Godiya ta fito idonta ya yi ja. Ta juya mini baya na ɗora mata yaron, tana ɗaure zane ta ce, “Mama, duk rayuwata na san ba ta sona, na saba da shi, na san yadda zan ɗauke shi. Yanzu wannan kuma ina zan kai shi?” Ta kama hanya.

Ba ta yanke zumunci ba. Ran Lahadi bayan an tashi coci sai ga ta da yaron, da kular abinci. Lahadi ta gaba ma haka. Ta yi ta ƙoƙari ta miƙa wa uwarta shi, da lallashi, da faɗa, har Paul ya zo ya yi dogon bayani a kan ƙwayoyin cuta. Miriam tana gyaɗa kai tana cewa gaskiya ne, hannayenta suna baya. Daga ƙarshe Godiya ta daina. Sai ta shimfiɗa tabarma kusa da kujerar ta kwantar da shi, Miriam tana saƙa tana rera masa waƙa, tana kore masa ƙuda da mafici.

Da ya fara rarrafe, wata Lahadi ya nufo ta kai tsaye. Ya kama bakin zanenta ya miƙe, ya yi ta kokawa har ya hau cinyarta, ya kama kunnenta. Na ga ta daskare. Ta ɗaga hannayenta sama kamar wadda aka ce kada ta motsa, hawaye yana bin kumatunta, ta dube ni ta ce, “Maman Fiddausi, ke ce shaida. Shi ya zo. Ba ni na ɗauke shi ba.”

Godiya ta kau da kai tana gyara murfin kula, murfin da ba abin da ya same shi.

Yanzu Albarka yana gudu. Yana shigowa yake kiran “Kaka!” tun daga ƙofar gida, uwarsa ce ta koya masa. Ita kuwa har yau Anti take cewa. Na taɓa jin ta fara “Ma...” sai ta mayar da shi tari. Yaron yana hawa jikin Miriam yadda ya ga dama, ya yi barci a cinyarta, ita kuma ta zauna ba motsi har ƙafarta ta mutu, ta jira uwarsa ta zo ta ɗauke shi. In zai faɗi takan tare shi da gwiwa ko da kafaɗa. In ya yi mura ba ta cin abinci.

Da la'asar suke tafiya. Gidan ya koma namu mu biyu, sai ƙarar guga da rediyon Precious. Miriam takan daɗe a kan kujera tana duban inda yawunsa ya jiƙa mata zane, ba ta wanke zanen nan sai Asabar.

Fiddausi ta matsa in koma Yola wajenta, ta ce ƙafata ba ta zaman ni kaɗai ba ce. Na ce mata sai bayan damina. Ban gaya wa Miriam ba tukuna. Jiya ma ta gama kayan jaririn wata mai sayar da awara a bakin layi, ruwan hoda da fari, ta wanke ta shanya. Da suka bushe na ga ta tsaya a gaban igiyar tana kallonsu, har ta ɗago hannu ɗaya. Na yi kamar ina tsintar shinkafa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta mayar da hannun baya, ta juyo.

“Maman Fiddausi, ki taimake ni da kayan nan.”

Na ajiye faifan, na dafa bango na tashi.